Motar da ba ta ga Afrilun Sakkwato ba, ba a gwada ta ba

Hirar mota ta yi yawa a Sakkwato a 'yan shekarun nan, daidai lokacin da sayen motar ya gagari mafi yawan masu hirar. Duk majalisar da ka zauna bayan la'asar, a Mabera ne ko Arkilla ko Runjin Sambo, da wuya a watse wani bai zaro waya ya nuna bidiyon wata sabuwar mota ba. Yaron da ko babur bai mallaka ba zai faɗa maka cikin daƙiƙa nawa sabuwar Marsandi take kai gudun kilomita 100, da faɗin allon da ke gaban direba, da yawan kyamarorin da aka zagaye ta da su. Ba na raina wannan. Son mota ba laifi ba ne, kallo kuma ba a biyan komai a kansa sai kuɗin data. Abin da ke damuna shi ne hukuncin da ake yankewa daga kallon. Mai bidiyon nan a Jamus ya gwada motar, ko a Kalifoniya, a kan kwalta sumul, da man fetur irin wanda kamfani ya tsara injin a kansa, kuma bayan mako guda zai mayar musu da kayansu ba tare da ya taɓa neman ko fulogi ɗaya a kasuwa ba. Mu kuma sai mu kwaso ra'ayinsa ɗungurungum mu kawo gindin dogon yaro, mu yi ta musu har a kira magariba.

Ni dai a wurina motar da ba ta ga watan Afrilu a garin nan ba, ba a gwada ta ba tukuna. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 kusan kullum. Ka ajiye mota a rana ka shiga banki, kafin ka fito sitiyari ba ya taɓuwa. Wannan zafin ne ke tsattsage robar gaban mota, yana cin batir kafin lokacinsa, yana busar da robobin inji, shi ne kuma ke fasa tsohuwar taya a hanyar Gusau idan an cika mata iska an kuma cika mata kaya. Daga Nuwamba hunturu ya shigo da nasa: ƙura mai laushi da ke toshe matatar iska da haƙoran lagireto. Damina ta zo, hanyoyin ƙauye su zama abin da suka zama. Mai bidiyon can yana yabon kujera mai ɗumama baya da yadda taya ke kama ƙanƙara. Ko na Dubai, da zafinsu ya yi kusa da namu, hanyarsu da mansu da garejinsu ba irin namu ba ne. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu ɗauka daga can, wanda ban cika jin ana hirarsa ba: motocin da ake ƙera wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ana ƙarfafa musu sanyaya inji da na'urar sanyi fiye da waɗanda aka yi don Kanada ko arewacin Amurka. Mota biyu suna ɗaya, shekara ɗaya, amma ba ɗaya ba ne idan suka tsaya a cunkoson bakin Babbar Kasuwa da ƙarfe biyu na rana.

To mu ɗin, yaya muke gwada mota idan za mu saya? Kowa ya san yadda abin yake. Ka yi waya ka ce kana tafe. Kafin ka iso yaron dila ya riga ya tayar da ita ta yi ɗumi, an wanke ta, an shafe tayoyi da mai suna ƙyalli, an fesa turare a ciki. Man da ke tanki bai wuce na gorar ruwa ɗaya ba, da gangan, don kada ka yi nisa. Dillali ya shiga gaba kusa da kai, wani ya shiga baya, a kunna rediyo. Ku je shataletale ku juyo. Duk tafiyar ba ta kai minti goma ba, bakin dillali kuma bai huta ba: “Alhaji, wagga mota ba ta son komi, mai kawai za ka zuba. Wata tsohuwa ad da ita can Amurka, daga gida sai kasuwa.” Tsohuwar nan ta Amurka, Allah ya ja kwananta, ita ce ta hau rabin motocin da ke garin nan. Kai kuma kunya ta hana ka cewa a kashe rediyon ka saurari ƙasan mota, don kada a ce ba ka yarda da mutane ba. Ka sauka, ka zagaya ta, ka ɗan harbi taya da ƙafa, a shiga ciniki. Cinikin biri a sama ke nan, ko da kuwa ka zauna a cikinta.

Gwaji na gaskiya yana farawa ne da sassafe, inji da sanyinsa, domin a tashin farko ne ake jin ƙarar da ɗumi ke ɓoyewa, a nan ne kuma hayaƙi ke tona asirin ringi. Kafin ka tayar, ka murɗa makulli rabi ka ga ko duk fitilun gargaɗi sun kama. Wadda ba ta kama ba, wataƙila cire ƙwanta aka yi don kada ta yi magana. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa da busasshen laka, domin da yawa daga motocin da ake kawowa daga gwanjon Amurka, irin su Copart, kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba, da ita ake binciko tarihin motar a intanet, har da nisan tafiyar da aka rubuta mata kafin a juya mata agogo a hanya. Sannan ka dawo da rana tsaka, ka sayi mai da kuɗinka, ka kunna na'urar sanyi har ƙarshe, ka shiga cunkoso ka tsaya, idonka a kan allurar zafi. Ka fita bayan gari ka taka ta a hanyar Bodinga, ka sauka kan burji ka ji abin da ƙafafunta za su ce. Dilan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa.

Akwai wani ɓangare a majalisa da ke ganin ya fi ƙarfin duk wannan ruɗin bidiyo. Su ne 'yan “Toyota ko a fasa”. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba na musu. Tun 1966 ake ƙera Corolla, an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, kuma babu garejin da za ka kai ta a Buzaye ko J. Allen a ce ba a san kanta ba. Kayanta na nan sabo da na Beljiyam, ta lalace maka a Tambuwal ko Illela za a tashe ta, ranar da ka matsu kuma ka sa ta a kasuwa kafin la'asar ta shige. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A nan mota ajiya ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin 'yan watanni, akwai mutanen da suka hau mota shekara biyu suka sayar da ita fiye da yadda suka saya. Mai irin wannan lissafin ba za ka burge shi da rufin gilashi ba. Haka kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 a ƙarshen 2024, tambayar farko a bakin kowa ta koma “tana shan mai?” Masu manyan injina masu silinda shida da yawa sun jingine su sun koma kan babur.

Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa Toyotar da suka sani za ta ci gaba da zuwa har abada. Ba za ta ci gaba ba. Mu ba mu ne ke zaɓar motar da za mu hau ba. Wani ma'aikaci ne a Texas ko Ontario yake zaɓar mana ita shekara takwas ko goma kafin ta iso. Abin da ya saya sabo yau, shi za a sauke a Legas ko Kwatano gobe. To ga abin da yake saya. Mafi yawan Corolla na Amurka tun daga samfurin 2014 suna zuwa da giyar CVT, wadda ba haƙora take canjawa ba, bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin kwanuka biyu, kuma tana da nata man dabam. Honda Accord daga 2018 ta yar da inji shida ta koma ƙaramin inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Sienna, wadda direbobin haya ke ji da ita a doguwar tafiya, tun samfurin 2021 babu wadda ba haɗin fetur da batir ba ce. Camry ta 2025 a Amurka ita ma haka. Tarayyar Turai kuwa a 2023 ta amince da dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi. Ko sun sassauta ko ba su sassauta ba, kamfanoni sun riga sun karkata. Saboda haka labarin sababbin motoci ya shafe mu ƙwarai, sai dai ba ta fuskar da muke kallonsa ba. Ba mu ne masu sayenta a leda ba. Mu ne masu gadonta bayan ta tsufa, lokacin da garanti ya ƙare kuma matsalolinta suka fara fitowa.

Wanda zai karɓi wannan gadon shi ne bakanike, kuma shi ne ba a sa shi a hirar. Ina girmama masu gyaran garin nan. Mutumin da zai saurari inji ya gaya maka inda ciwon yake, ya ɗaure Golf ɗin da ta shekara talatin tana jigilar Achida da Wurno ta ci gaba da tafiya, ba a raina masa. Amma ilimin da ya gada na kafireto ne da Peugeot 504, kuma wasu dabarun da suka yi aiki a can suna kashe motar yau. Ka kai masa mota tana ɗaukar zafi, kafin ka gama bayani ya kwance tiyo ya zaro tamostat ya ɗora maka a tafin hannu, ɗan ƙarfe mai sifirin da ke daidaita zafin inji, ya ce: “Alhaji, wanga abu na ƙasar sanyi na, nan ba shi da aiki.” Sai ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Allura ta sauka, kowa ya yi murna. Alhali abin da ya sa ta zafin tun farko, lagireton da ƙura ta toshe ta waje, tsatsa ta toshe ta ciki, yana nan. Injin da aka cire wa tamostat kuma, da safiyar hunturu ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu ɗumi yake nema, ta yi ta ƙara masa mai. Mai motar ya koma majalisa yana cewa samfurin nan shan mai gare shi.

Haka ake zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka rubuta 0W-20 ƙuru-ƙuru a kan murfinsa, wai don nan ƙasar zafi ce, alhali hanyoyin man da ke cikinsa sirara ne. Haka ake zuba man giya na gama-gari a CVT, bayan wata kaɗan ta fara zamewa, a ce giyar zamani ba ta da ƙarko. Ta haɗin fetur da batir kuwa tana da wata 'yar fanka da ke jan iska daga cikin mota, ta wajen kujerar baya, tana sanyaya batirin. A garin ƙura irin namu wannan ƙofar iskar ita ce ran motar. Ta toshe, batir ya dahu, kuɗin sabo kuma ya isa sayen wata ƙaramar motar. Wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, ba irin wadda yaron gareji ya saba gwadawa da sukundireba ba ce. Ga shi kuma a cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, babu motar fetur da ke kama ƙafarta wajen tsimin mai. Wato motar da ta fi dacewa da aljihunmu ita ce wadda garejinmu bai shirya mata ba.

Motocin China su ne sabon abin musu. A 2023 China ta wuce Japan ta zama ƙasar da ta fi kowa fitar da motoci waje, kuma GAC da Changan da Chery da Jetour duk sun shigo Najeriya. Masu kushe su suna tuna baburan farko da wayoyin farko da suka zo daga can. Wannan tsohon labari ne. China ta yau tana ƙera motar da Turawa ke tsoron gasarta har suna ƙara mata haraji. Masu yabonsu kuma allon da fitilun ne suka tafi da su. Ni tambayata ba ta wuce ɗaya ba: idan gilashin gaba ya fashe, ko wata 'yar na'ura ta mutu, a ina zan samu, cikin kwana nawa? Idan amsar ita ce sai an aika Legas, Legas kuma ta aika Guangzhou, to motar ta mai mota biyu ce. Kamfanin da ke son kasuwar Arewa maso Yamma da gaske, ya buɗe shagon kayan gyara a nan kafin ya buɗe ɗakin baje koli.

Abin da mutane ke mantawa shi ne 504 ba don ta fi kowace mota a duniya ta mamaye ƙasar nan ba. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a lokacin gwamnati na saye, ma'aikaci na samun bashin mota ya saya sabuwa, kayanta na ko'ina, an kuma horar da masu gyaranta. A wancan zamanin akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Duk sun durƙushe ko sun zama inuwar kansu. Yau akwai Innoson a Nnewi, akwai sabon kamfanin Peugeot na Dangote a Kaduna, amma sabuwar mota ta zama ta gwamnati da bankuna da 'yan siyasa. Su ɗin ma, kowa ya ga ce-ce-ku-cen da aka yi a ƙarshen 2023 kan manyan motocin waje da aka saya wa 'yan majalisar tarayya. Manufar gwamnati kuma kullum tana sauya riga: a 2014 aka lafta wa motocin waje haraji har kashi 70 cikin ɗari don a kare masu haɗawa a gida, daga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, abin da ya taɓa Illela kai tsaye, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare harajin. Mai zuba jari a masana'anta ba ya iya lissafi a kan irin wannan.

Batun motar lantarki zalla yana da wani ɗanɗano na musamman a Sakkwato, domin ɗan garin nan ne, Jelani Aliyu, ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a Detroit a 2007. Da ya zama shugaban NADDC, hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta ƙasa, a 2017 ya tura maganar sosai, kuma a Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta farko irinta a ƙasar. Abin alfahari ne. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Sai dai ranar da ke cika batir ita ce ke cinye shi: Nissan Leaf na farko, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, sun yi saurin rasa ƙarfi a jihar Arizona mai zafi irin namu, har masu su suka yi ta ƙorafi a 2012. Irin waɗannan tsofaffin ne za su fara isowa nan da araha, kuma su ne ya kamata a guje wa. Mai gida da farantin hasken rana a rufi, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, lantarki za ta yi masa, musamman ta zamani mai sanyaya batir da ruwa. Mai zuwa Kaduna ko Abuja ya dakata tukuna. Ni a ganina a keke mai ƙafa uku da baburan kabu-kabu ne lantarki za ta fara kama ƙasa a nan, ba a jif ba. Iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 ita ma lissafinta ya dogara ga inda bututu ya kai, bututun gas na AKK kuwa, da ya taso daga Ajaokuta, iyakarsa Kano; duk gas ɗin da zai zo mana sai dai a kan tirela.

Masu son mota na garin nan suna da waya, suna da mabiya a Facebook da TikTok, wasunsu sun iya ɗaukar hoto fiye da gidan talabijin. Maimakon maimaita abin da Bature ya faɗa, ko ɗaukar bidiyon yara suna wasa da mota a bikin aure har a take ɗan mutane, ina ma su ɗauki kyamarar su nufi tasha. Direban da ke Sakkwato zuwa Kano da Sharon ko Homa ya san lita nawa kowace ke sha da kaya da babu kaya, ya san wadda ke ɗaukar zafi a Talata Mafara, ya san tayar da ke kai bazara biyu. Mai sayar da kayan gyara ya san abin da aka fi zuwa nema na kowane samfuri, wanda shi ne ainihin jerin cututtukan motar. Babu wanda ya taɓa tattara wannan da Hausa, da farashi, da watan da aka yi gwajin.

Sauran aikin na hukuma ne da ƙungiya. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a irin na Farfaru da Runjin Sambo suna iya buɗe ajin yamma na wata uku ga masu gareji, ba ga sababbin ɗalibai kawai ba, a koyar da karanta na'urar binciken mota, da bambancin man giya, da yadda ake kashe wutar batirin haɗi kafin a sa hannu. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta san mutanenta gareji-gareji, ita za ta kawo su. Dilolin da ke shigo da motocin su ma su sa hannu a aljihu, tunda su ne za su rasa kasuwa idan motar ta yi baƙin suna a banza. Kayan koyarwar ba su wuce motar haɗi guda biyu da suka yi haɗari, da giyar CVT da aka buɗe, da na'urorin bincike kaɗan ba, kuma kuɗinsu duka bai kai na jif ɗaya daga cikin ayarin kwamishina ba.